Mai fushi da mai gini: Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello

Wajajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, Alƙalawa ba ta ma faɗi ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya juya wa rundunar jihadi baya ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Ba ƙaramin mutum ba ne. Ƙanen Shehu ne, shi ne waziri, shi ya ja daga a Tafkin Kwatto a 1804. Abin da ya kore shi ya faɗa da kansa a Tazyinul Waraƙat: mutanen da suka yi hijira zuwa Gudu don addini sun koma neman dawaki da manyan riguna da ƙwaraƙwarai da sarauta, masallaci da makaranta kuwa an bar su. Da ya isa Kano mutanen gari suka riƙe shi. Ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga nan ya fasa tafiyar ya komo gida.

Ɗan wansa Muhammadu Bello ya ga duk abin da baffansa ya gani, ido ɗaya suka kalla da shi. Amma bai tafi ko'ina ba. A 1809 ya kama ginin Sakkwato. Bayan ya zama Sarkin Musulmi ya yi ta kafa ribaɗi a bakin iyaka, yana jan Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su yi karatu da noma, har shi kansa ya tare a Wurno, can ya rasu a 1837. A Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, cikin aikin shugaba ya lissafa kula da manoma da masu sana'ar hannu da kasuwanni da hanyoyi. Mutum ne mai tambayar abin da jama'a za su ci gobe.

To wanne ne shugaba a cikinsu? In jama'ar da kake ja ta fara karkacewa, tafiyarka ce ta fi kusa da tsoron Allah ko zamanka? Tambayar ta daɗe tana damuna, kuma ba a littafin tarihi ta fara damuna ba.

Na riƙe ma'ajin kwamitin Islamiyyar unguwarmu. Bayan isha'i muke zama, a kan tabarma a zauren makaranta, littafin kuɗi a gabana, fitilar waya a hannun sakatare. Wata damina rufin aji biyu ya yaye, malamai kuma suna bin albashin wata biyu. Shugabanmu, ɗan kasuwar hatsi ne, ya ce a ƙara kuɗin wata, duk yaron da bai biya ba a mai da shi gida har ubansa ya zo. Wani dattijon malami da ke cikinmu ya ce, "Alhaji, ba don wannan muka buɗe makarantar nan ba. Marayan da za ka kora, gidan wa zai je ya kawo maka uba?" Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiyarka ce, amma ba a biyan mai kwano da ita." Malam ya sa takalminsa. Ya daɗe bai sake zuwa taro ba.

An yi rufin, an biya malamai. Sai dai wani abu na lura da shi: duk lokacin da sunan maraya ya fito cikin waɗanda ba su biya ba, Alhaji sai ya duba inda Malam ya saba zama, ya ce da ni, "Ma'aji, tsallake wannan." Mutumin da ba ya nan shi ke yanke hukunci.

Shi ya sa ba na bin masu cewa Abdullahi malami ne kawai da bai iya mulki ba, Bello ne gwani. Ba na kuma bin ɗaliban da ke ɗaga Abdullahi sama don su nuna kowa ya lalace ban da shi. Muna yabon mai fushi, amma a inuwar da mai gini ya kafa muke zaune muna yabon. Mai ginin kuma, in babu wanda yake jin kunyar idonsa, ba a daɗewa sai ginin ya zama nasa da na 'ya'yansa. Ƙungiyoyinmu, daga ta direbobin tasha har ta masu wa'azi, da yawa a nan suke rabewa biyu: Malam ya fita da magoya bayansa ya buɗe tasa, kowane ɓangare ya rasa rabin da yake buƙata.

Shehu ya san mutanensa. Da gardama ta yi tsanani kan kiɗan tambari da tufafin ado da kiran mutum sarki, shi ne ya sassauta, ya rubuta Najmul Ikhwan yana jan hankali kada a tsananta a abin da malamai suka yi saɓani a kai. Kusan 1812 ya raba aiki, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuma ya ci gaba da karantarwa a Sifawa. Wasu na kiran wannan hikima. Ni ina ganin har da jinkirta rigima, don da ya rasu a 1817 ba a rasa ta ba. Ruwaya ta ce Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar Sakkwato, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya juya. Shekaru suka wuce tsakanin baffa da ɗa babu daɗi.

Tawayen Kalambaina ne ya haɗa su, wajajen 1821. Abdullahi ya kasa cin garin shi kaɗai, Bello ya kawo masa ɗauki ba tare da ya tsaya lissafin baya ba. Masu ba da labari sun ce da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, shi ya sauka, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Bai janye littattafan da ya soki masu mulki a cikinsu ba, Bello kuma bai karɓe masa ƙasar yamma ba. Daga baya Abdullahi ya bar yawancin harkar mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma kan karatu da rubutu a Gwandu har rasuwarsa wajajen 1829.