Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Mai wucewa zai iya ɗaga kai ya yaba rufin ɗaki, amma wanda ruwan damina ya ɗiga wa a tsakar dare shi ya san kusurwar da ke buƙatar gyara. Kowa ya yarda da haka, sai in an zo kan mai taɓin hankali. Da zarar an ce kan wane ya taɓu, duk abin da ya faɗa ya zama surutai.

Ana ɗaukar mutum a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Likita ya tambayi mara lafiya yaya jiki, sai yayansa ya yi caraf ya amsa: "Likita, taurin kai ne kawai, ya ƙi shan magani." Shi kuwa yana zaune, kai a sunkuye. A ce tela ne. Tun da ya fara shan ƙwayoyin hannunsa ke rawa, wuyansa ya sandare, ko zare ba ya iya zurawa a allura. Abin da ya sa ya daina sha ke nan, kuma ba wanda ya tambaye shi. Da likita ya ji wannan, zai iya rage ƙarfin maganin, ko ya canza shi, ko ya haɗa masa da wanda ke kwantar da rawar hannu.

A nan aikin ɗan sa-kai mai tsaya wa marasa lafiya yake. Ba ya ba da magani, ba ya hana sha. Yakan zauna da mutum tun kafin ranar asibiti, ya saurare shi, ya rubuta kokensa yadda ya faɗa. In an shiga, ya ce: "Likita, Malam yana da magana." Sannan ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya, domin mai tausayi ma yakan ƙwace bakin wanda ya zo taimaka wa. Sirrin da ya ji kuwa ba ya kai shi majalisa.

Wani zai ce ai ciwon nan yakan sa mutum ya ga abin da babu shi. Gaskiya ne, akwai irin wannan lokaci. Amma ko a lokacin ya san yunwa, ya san duka, ya san zafin mari a ƙafarsa. Da ana sauraron irin waɗannan koke-koke, da ba a kai ga abin da aka gani a unguwar Rigasa ta Kaduna ba a 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, wasunsu ɗaure da sarƙa.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin sa baki a maganinsa. Amma doka ba ta bin mutum ɗakin likita.

Mai karatu, in kana da ɗan'uwa ko maƙwabci mai zuwa asibiti, ka nemi izininsa ka raka shi ranar komawarsa, kuma in likita ya yi tambaya, ka bari shi ya fara amsawa.