Tsoron Talauci da Biɗar Aiki: Darasi ga Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara, da an kai gero rumbu, samarin Magariya da Dungas sukan ɗauki jaka su tafi cin rani Kano, Daura ko Kazaure. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Najeriya har tsawon watanni, naira kuma ta faɗi a gaban sefa. Mai dawowa da kuɗin shekara ya koma dawowa da abin da bai kai ko'ina ba. Da yawa sai sun sake biɗar wani aikin, kuma tsoro ya shiga zukata: na bashi, na kunyar iyali, na a ce babu.

Mashaihan ɗarika sun nuna tushen wannan tsoro: bawa ya daɗe yana karɓa ta ƙofa ɗaya har ya zaci ita ce mai bayarwa. Ƙofa sababi ce kawai. Mai azurtawa Allah ne, kuma taskarSa ba ta da iyakar da za a rufe.

Suratul Ƙasas ta kawo labarin Annabi Musa (AS). Ya fita Masar a tsorace, ya isa Madyana bai san kowa ba. Da ya ga mata biyu sun kasa shayar da dabbobinsu, ya shayar musu, ya koma inuwa ya kai buƙatarsa ga Ubangijinsa. Daga nan ya samu aikin shekara takwas ko goma, da mata, da aminci. Abin da aka yabe shi da shi biyu ne: ƙarfi da amana. Tsoron bai hana shi motsi ba.

Haka ake so muridi ya zama. Ya riƙe laziminsa safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Idan ya shafa addu'a, ya tashi ya fita, domin tsuntsun da hadisi ya buga misalin tawakkali da shi ma sai ya bar sheƙa yake ƙoshi. Kada ya raina dako ranar kasuwa, ko lambun rani da rake a fadamun Korama. Kada kunya ta hana shi gaya wa muƙaddaminsa da 'yan'uwa halin da yake ciki bayan wazifa, ta yiwu a cikinsu akwai mai neman amintaccen yaro.

Kuma kada tsoro ya kai shi wurin boka, ko ya sa ya sayar da gonar gado ya miƙa ransa ga masu ratsa hamada da mutane. Arzikin da aka rubuta masa zai iso shi ta halal idan ya yi haƙuri.

Allah Ya buɗa wa duk mai biɗa, Ya sanya albarka, alfarmar Annabi (SAW). Amin.