Sabo da Kaza Ba Ya Hana Yanka, To Me Yake Hanawa?

Mun saba jin wannan karin magana ana jifan mutane da ita. Da ita ake jan kunnen yaron da ya ga maigida na wasa da shi ya ɗauka sun zama tsara, ko bafaden da ya manta cewa fada ba gidan ubansa ba ce. Kazar da ke cikin maganar kuwa ba mai waiwayarta, sai ranar da aka buɗe akurki da safe ta fito tana ɗingishi, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɓoye cikin gashin cikinta.

A gidajenmu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, bakuna huɗu kan yi magana a irin wannan safiya. Maigida ya ce a kawo wuƙa tun ba ta rame ba, kada ta zama mushe a yi biyu babu. Mai kazar, wadda galibi matar gida ce, ta ce ai wannan ce mai kwanci, ita ta ƙyanƙyashe rabin kajin gidan. Yaron da ya raɗa mata suna, yake ɓoye mata tsabar gero a aljihu, ya ɓare baki da kuka. Sai baki na huɗu, wanda ya fi kowa samun magoya baya: “Ku bar ta, za ta warware.” A ganinmu uku na farko duk suna da hujjar da za a zauna a saurara. Na huɗun ne muke da ja a kansa, domin shi kaɗai ne ba ya buƙatar kowa ya sunkuya ya duba ƙafar.

Dubawar kuwa ita ce rabin aikin, don ɗingishi iri-iri ne. Sau da yawa zare ne, ko gashin kitso da aka share aka zubar, ya naɗe yatsa yana ci a hankali har jini ya daina kai wa. Wannan reza da minti biyu sun ishe shi. Wani lokaci ƙaya ce ko tsinin ƙusa ya huda tafin ƙafar, wurin ya kumbura ya tara mugunya mai tauri, da baƙin ɓawo a tsakiya. Akwai targaɗe, akwai karaya daga jifan yara ko takun akuya ko faɗuwar turmi. Akwai ƙananan ƙwari da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa su bar ta kaushi kamar ta dattijo. Akwai kuma wanda hannun mutum ya jawo da gangan: igiyar da ake ɗaure sabuwar kaza da ita kwana biyu ko uku don ta saba da gida, da ɗaurin da ’yan kaji ke yi wa ƙafafu su rataye su kai ƙasa a bayan babur daga ƙauye zuwa kasuwa. Abin lura ne cewa shi kansa sabon da karin maganar ke faɗa, da igiya a ƙafa yake farawa.

Sai kuma ɗingishin da ba shi da ɗori. Akwai cutar da wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari, József Marek, ya fara bayyanawa a 1907, wadda ke kama jijiyoyi ta shanye ƙafa, har ka ga kaza ta zauna ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Rigakafinta tun tana ’yar tsako ake yi. In ta riga ta kama, ba magani. Kajin gidan gona da ake kiwo don nama kuwa nasu ɗingishin a jininsu yake. Masu bincike a Jami’ar Alberta ta Kanada sun yi kiwon irin kajin 1957 da irin na 2005 da abinci ɗaya. A kwana 56 na farko bai kai kilo ɗaya ba, na biyun ya haura kilo huɗu. Nama ya riga ƙashi girma, ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita.

Wani zai ce, to kaza ta san zafi ne har da za a yi ta wannan dogon lissafi? Tambayar ba ta banza ba ce, domin kaza ba ta kai ƙara. Halittar da shaho ke jira daga sama, muzuru daga ƙasa, ta koyi ɓoye rauninta. Ko ’yan uwanta in suka ga ta gaza, su ne na farkon sararta. A sana’armu ta rubuta manhaja, ba mu tsoron wadda ke ihu da zarar ta sami matsala kamar yadda muke tsoron wadda ke lalacewa shiru. A shekarar 2000 masana a Jami’ar Bristol ta Ingila sun wallafa wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun ajiye wa kaji abinci kala biyu, ɗaya da maganin rage zafi a ciki, ɗaya babu. Masu ɗingishi suka fi lafiyayyu cin mai maganin, kuma gwargwadon tsananin ɗingishin, gwargwadon yadda suke zaɓarsa. Ba wanda ya karanta musu takardar magani. Abin da ba shi da zafi ba zai nemi sauƙi ba.

Malamanmu ba su jira wannan gwaji ba. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne laifin nata: ba dukanta ta yi ba, ba yankata ta yi ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wato laifin bari ne. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya gaza a sa shi ya rabu da ita. Wani malamin Shafi’iyya, Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum, ciki har da ci gaba da ɗawainiyarsu ko da tsufa ko ciwo ya sa ba su da sauran amfani, da kuma kada a haɗa su wuri ɗaya da abin da zai ji musu rauni. Wanda ya taɓa ganin yadda kaji ke taruwa kan gurguwa a bakin kasko zai gane wannan sharaɗi na biyu ba ƙawa ba ne.

Shi ya sa ba mu ganin wuƙar maigida a matsayin rashin imani. Addinin da ya halatta yanka shi ya ce a wasa wuƙar, a hutar da abin yankan. In cinya ta karye ƙashi ya fito, ko ƙafa ta shanye, ko kazar gidan gona ce da kullum nauyi ke ƙaruwa a kan ƙafar da ta riga ta gaza, yanka da wuri ya fi jinyar da ba ta da ƙarshe. Tsawaita wahalar dabba don mu ji daɗin cewa mu masu tausayi ne, wannan son kai ne da ya sa rigar tausayi. Kuma ba aibi ba ne don maigida ya haɗa da tunanin miya. Niyya biyu na iya tafiya hanya ɗaya. Sharaɗi guda ne: in kazar ta nuna alamar cuta, ba rauni kawai ba, ko an riga an ɗura mata magunguna, to a tambayi malamin dabbobi kafin ta shiga tukunya.

Jinya ma ba wani abin a zo a gani take buƙata ba. Kwando ko tsohon kwali a inuwa, nesa da sauran kaji, da shimfiɗa mai taushi. Ruwa da dusa kusa da bakinta. Wanke rauni da ruwan ɗumi da gishiri. Karayar ƙasan ƙafa tsofaffinmu sun daɗe suna ɗora ta da sillen kara da tsumma, kuma ƙashin kaza na saurin haɗuwa, sati biyu zuwa uku. Abin kiyayewa kada a matse ɗaurin har yatsu su yi sanyi. Ɓare kafso na mutane a zuba a ruwa, wanda ya zama ruwan dare, ba ya haɗa ƙashi. Tsadar jinyar ba kuɗi ba ce, hankali ne: wani ya tuna da ita safe da yamma har kwana ashirin. A nan ne “za ta warware” ke cin kasuwa, don ya fi kowane zaɓi arha ga mutum, kazar ce ke biyan kuɗin. Gaskiya ne wasu kan warware da kansu. Amma wanda bai ɗaga ƙafar ya duba ba bai san ko targaɗe ne da zai wuce, ko zare ne da zai cinye yatsa ba.

Mun san abin da mai karatu daga wannan yanki zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. A ƙasar da aka shiga Wurma a 2019 aka tafi da mata da yara, ƙasar da a 2021 aka katse layukan waya a Kurfi da Dutsin-Ma da maƙwabtansu, wa ke da sukunin ƙafar kaza? Amsarmu ta farko ta tattali ce. A wannan shekarar ta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da Dutsin-Ma da Charanchi. Wanda aka kore wa shanu, wanda ya sayar da awaki ya biya fansa, abin da ya rage masa mai numfashi shi ne kaji. Su ake sayarwa ta kan katanga a sayi maganin zazzaɓi, su ake cusawa a kwando in gudu ya kama. Kaza mai kwanci ɗaya asusu ce ga mace. Ɗora mata ƙafa ba shagwaɓa ba ce. Amsa ta biyu kuwa, tausayi ba hatsin rumbu ba ne da in an ɗebi na kaza na mutum zai ragu. Ba mu taɓa ganin gidan da aka fasa kai mara lafiya asibiti don an tsaya kwance wa kaza zare ba.

Saura yaron, wanda aka fi yi wa dariya. Hausa ba ta da kalma ɗaya ta dabbar da ake ajiyewa don ƙauna kawai. Mukan ce kiwon sha’awa, mu nufi tantabaru ko zomo ko aku. Kaza ba ta cikin wannan jerin, amma yara ba su san da jerin ba. Ya zo a hadisi cewa ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya same shi cikin damuwa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba.

A wasu gidaje akan jira yaro ya tafi makarantar allo a yanka, in ya dawo a ce shaho ya ɗauke ta, da dare kuma a zuba masa romonta. Wannan dabara tana hutar da manya daga kuka, amma yaro ba ya daɗewa bai gano ba, kuma abin da zai riƙe shi ne an ci amanarsa a kan abin da yake so. Mun fi ganin a zaunar da shi a nuna masa ƙafar, a faɗa masa abin da ake iya gyarawa da wanda ba a iyawa. In jinya za a yi, a ba shi aikin ruwa da dusa, shi zai fi kowa tunawa. In ta warke da ɗan karkace, ta koma tono da ’yan tsakinta, a gaya masa tun da wuri cewa wata Sallah ko wani baƙo na iya zuwa a kanta. In kuwa ranar ta zo ya ce shi ba zai ci ba, kada a tsokane shi, kada a tilasta masa. A zuba masa tuwonsa da miyar kuka.