Shin Kogi Ya San 'Yanci?

Mawaƙa kan ari rana da kogi da tsuntsu idan za su yi maganar 'yancin ƙasa. Abin tambaya shi ne, halittar Allah tana goyon bayan wata al'umma ne, ko mu ne muke sa mata magana a baki?

A garin Konkod na Amurka an yi wasu masana da suka ce wanda ya natsu ya dubi daji da ruwa zai ga gaskiyar da ta wuce abin da ido ke gani. Jagoransu Ralph Waldo Emerson ya wallafa littafi a kan halitta a 1836. A 1837 ya yi waƙar tunawa da yaƙin 1775, inda manoma suka tare sojojin Ingila a gadar kogin garin. Kogin ya zama alamar 'yanci, alhali bayi suna nome gonakin auduga har 1865.

Mu ma muna da irin wannan. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Turawa. A ɗayansu ya kamanta zuwansu da fitowar rana daga yamma. Musulmi ya san wannan alamar tashin kiyama ce. Wato a wurinsa, ƙasa ta rasa ikon kanta daidai yake da duniya ta juye. Kukansa gaskiya ne. Jamusawa sun karya Dagomba a Adibo kusa da Yendi a 1896, a 1899 kuma aka mai da kogin Daka iyaka: Salaga ga Ingila, Yendi ga Jamus.

Amma mai karatu ya tuna Salaga kasuwar goro ce, kuma kasuwar bayi. Rijiyoyin da aka shayar da bayi suna nan har yau. Wanda aka ɗaure a kasuwar nan, ranarsa ta daɗe da juyewa tun Bature bai zo ba. To, 'yancin wa ake kuka?

Kogi ba ya zaɓe. Daka ya shayar da fatake, ya shayar da bayi, aka kuma yi shinge da shi. A Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya taso tun 1957, ruwan sama ɗaya ke sauka a gonakin kowa. Halitta shaida ce, hukunci kuwa an bar wa mutum.

Saboda haka wanda ya ari rana don ya yi maganar 'yanci ya ɗauki bashi, domin rana ba ta ƙetare rufin kowa. Henry David Thoreau, abokin Emerson, ya gane haka. Yana zaune a bukkarsa a bakin tafkin Walden aka kulle shi dare ɗaya a 1846, don ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ta yarda da bauta.

Gana ta sami mulkin kai ranar 6 ga Maris 1957. Sauran aikin shi ne Bakusashe da Bamamprushe, jikan bawa da jikan ubangijinsa, su zauna inuwar kuka ɗaya ba mai tsoron wani.