Tartibin Launuka: Na Halitta ne ko na Hankali?

Tun da Lawrence Herbert ya fito da tsarin Pantone a Amurka a 1963, inda aka ba kowace tawada lambarta domin mai zane da maɗaba'a su yi ittifaƙi a kan launi guda, wata mas'ala ta taso wadda malaman manɗiƙi ba za su raina ba, wato shin jerin launuka yana cikin zatinsu ne, ko kuwa hankalin ɗan Adam ne ya ɗora musu shi.

Manhajar zane takan jera launukan Pantone bisa lamba, alhali lambar sau da yawa tarihin shigowarsu take bi, har shuɗi biyu masu kama su yi nisa da juna. A 2010 kuwa kamfanin Pantone ya sake jera littafinsa bisa kusancin launi. Amma ko wannan bai warware ishkalin ba, domin launi yana da sifofi uku, jinsinsa da haskensa da ƙarfinsa, jeri kuwa layi ɗaya ne tak, dole a fifita sifa guda a danne biyu. Haka ma a fagen ƙamusun Larabci, Halilu ɗan Ahmadu ya tsara nasa bisa mafitar haruffa, Jauhari kuma bisa harafin ƙarshe, kuma a ganina babu wanda ya yi kuskure cikinsu.