Wa Ke Tsare Bakin Rijiya? Tunani A Kan Haƙƙin Ɗalibi

'Yan'uwa, duk wanda ya ziyarci Daura, da wuya ya bar garin ba a kai shi ya ga rijiyar Kusugu ba. Tana nan har yau a cikin birni, an kewaye ta da gini, baƙi suna zuwa su leƙa, waɗansu kuma su sha ruwanta. Labarinta kuwa yaro da babba sun san shi a ƙasar Hausa. An ce a zamanin sarauniya Daurama akwai wata macijiya a cikin rijiyar, ana kiranta Sarki, wadda ta hana jama'a ɗiban ruwa sai ran Juma'a kaɗai. Wani baƙo mai suna Bayajida ya iso garin da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa babu, gama ba ranar ɗiba ba ce. Sai ya karɓi guga a hannunta, ya tafi rijiyar, ya sare kan macijiyar, ya sha, ya shayar da dokinsa.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan yadda za a fahimci wannan labari, amma akwai abu guda a cikinsa da ya cancanci mu tsaya mu yi tunani a kai. Mutanen Daura na wancan zamani suna da rijiya, ruwa kuma yana cikinta, duk da haka suna kwana shida cikin bakwai da ƙishirwa. Sun saba da hakan har ya zame musu ka'idar zama, sai da baƙo ya zo ya tambayi dalili.

Yau Daura ta zama garin ɗalibai. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta riga su. A sauran sassan jihar akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Kowace shekara samari da 'yan mata suna barin gidajen iyayensu, waɗansu daga ƙauyukan masarautar, waɗansu daga jihohi masu nisa, su zo su sauka a matsayin baƙi. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan ɗalibi ya kwana da yunwa, ko ya kamu da ciwo, ko damuwa ta danne masa zuciya, alhakin wa ne? Nasa ne shi kaɗai, ko kuwa akwai haƙƙinsa a wuyan makaranta da jama'ar da yake zaune a cikinsu?

Bari mu fara da amsar da manyanmu sukan bayar, domin akwai gaskiya a cikinta. Sukan ce ilimi ba ya samuwa a kan shimfiɗa, mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma bayan wuya sai daɗi. Sukan tuna mana tafiyar ƙasa da suka yi zuwa makaranta, da karatun da suka yi da fitilar aci-balbal. Suna tsoron kada a shagwaɓa yaran yanzu, su fito da takardar shaida ba tare da ƙashin baya ba. Wannan tsoro abin saurare ne. Lalle akwai wahalar da take gina mutum. Tashin dare domin karatu, da faɗuwa a jarrabawa a sake shiri, da koyon zama ɗaki guda da wanda harshensa da addininsa suka bambanta da naka, da iya raba ɗan guzuri ya kai ƙarshen wata, duka makaranta ce ta biyu. Wanda ya ɗauke wa ɗalibi irin wannan wahala ya cuce shi.

Amma akwai wahalar da take karya mutum, kuma kuskure ne mu haɗa su a kwando ɗaya. Ɗaliban jami'o'inmu suna da wani lissafi da suke faɗa cikin raha, sifili-ɗaya-sifili, wato babu karin kumallo, a ci abincin rana, a kwana babu na dare. Wanda ya shiga aji da irin wannan ciki, kunnensa yana jin malami, hankalinsa kuwa yana wurin mai sayar da garin rogo. Zazzaɓin da ba a yi magani ba bai taɓa ƙara wa kowa basira ba. Yarinyar da ke kwana cikin fargaba a gidan haya a bayan gari ba tarbiyya take samu ba, kuma wannan fargaba tana da tushe, gama a watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu a wajen makaranta. Ma'aunin da za mu gwada da shi mai sauƙi ne: wahalar da ta bar mutum da ƙarfin ci gaba da abin da ya kawo shi, horo ce. Wadda ta raba shi da abin da ya kawo shi, hasara ce gare shi da iyayensa da ƙasa baki ɗaya.

Manyan da suke yabon wahalar dā sukan manta da wani abu. A shekarun 1970 jami'o'in Nijeriya suna ciyar da ɗalibai a ɗakin cin abinci a kan farashi mai rahusa. Da gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini a 1978, ɗalibai suka fito zanga-zangar da aka sani da Ali Mas Go, da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Ashe mutanen wancan zamani ma sun san cewa cikin ɗalibi sha'ani ne na ƙasa. Ɗalibin yau kuwa shi yake ciyar da kansa, ya biya haya, ya biya kuɗin mota da ya hau bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Na jami'o'in gwamnati da dama kuma sun zauna a gida wata takwas a yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin hayar da suka biya yana ƙonewa, shekaru suna tafiya.

To, shin babu rijiya ne? Akwai. A tsarin jami'o'inmu akwai sashen kula da harkokin ɗalibai, akwai asibitin makaranta, akwai masu ba da shawara. Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, wanda da yawa suke biyan kuɗinsa a cikin kuɗin rajista. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND kuma ya fara aiki da biyan kuɗin makaranta da ba da Naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Waɗannan duka ruwa ne, ko da bai isa kowa ba. Abin tambaya shi ne me ya sa ɗalibi yakan wuce ta bakin rijiyar da ƙishirwarsa bai tsaya ba.

Macijiya ta farko ita ce kunya. Mun tashi da sanin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ɗa nagari ba ya tona asirin gidansu. Kunya ado ce, ba mai musun wannan. Amma idan ta kai yaro ya gwammace ya faɗi a aji da ya ce wa wani bai ci abinci ba, ta wuce gona da iri. Na san wani saurayi, ɗan manomi, wanda ya yi zango guda a wata jami'a yana fita ɗaki duk lokacin da abokansa suka ɗora tukunya, yana cewa zai je ɗakin karatu, domin kada a gane ba shi da abin da zai zuba a ciki. Da sakamako ya fito ya faɗi darussa uku. Mahaifinsa ya ɗauka wasa ya yi, malamansa suka ɗauka ba shi da ƙwazo. Ba wanda ya tambaye shi me yake ci.

Ta biyu ita ce tsoron suna. A wurinmu ciwon damuwa ba shi da masauki mai kyau a harshe. Wanda ya ce barci ya ƙaurace masa, ko ya ce rayuwa ta fita masa a kai, yana tsoron a ce ya taɓu, ko an yi masa sammu, ko bangaskiyarsa ce ta yi rauni, maganar kuma ta bi shi har ranar neman aure. Saboda haka yakan yi shiru, ko ya nemi sauƙi inda ba a tambayar suna. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwayoyi, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Doka tana iya ɗauke kwalba daga kanti, amma ba za ta ɗauke abin da ya tura yaro neman kwalbar ba.

Ta uku, wadda ta fi ɗaci, ita ce halin mai tsaron ƙofa. Ofis yana iya kasancewa da allo mai kyau a bakinsa, amma in ɗalibi ya je sau uku ana ce masa ya dawo gobe, ko aka yi masa tsawa a gaban jama'a, ko asirin da ya faɗa ya iske shi a bakin wani, ba zai koma ba, kuma zai gargaɗi abokansa. Ma'aikacin da ya yi haka ya mai da rijiyar ta Juma'a kaɗai, ko da bai yi nufin mugunta ba.

Ga amsar tambayarmu, gwargwadon fahimtata. Haƙƙin ɗalibi yana kan duk wanda ya karɓe shi. Makarantar da ta ba shi gurbi ta karɓi mutum ne mai jiki da rai, tare da cikinsa da tsoronsa, don haka lafiyarsa tana cikin amanar da ta ɗauka. Wajibi ne ta sanar da sababbin ɗalibai tun makon farko inda za su je in abu ya same su, ta sa mutane masu riƙon asiri a wurin, ta kuma buɗe ƙofa a lokacin da aka ce za a buɗe. Iyaye kuma su daina tambayar sakamako kaɗai. Uba ya tambayi ɗansa ko yana samun barci, uwa ta tambayi 'yarta da wa take kwana a ɗaki, kuma su saurari amsar ba tare da faɗa ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na addini, na Kirista da na Musulmi, su ne sukan fara lura idan wani ya daina fitowa. Su yi masa addu'a, su kuma raka shi wurin likita, gama addu'a ba ta hana shan magani.

Mu kuma mutanen gari, bari mu koma ga Ayana. A labarin Kusugu kowa yana yabon mai takobi, ana mantawa da tsohuwar. Ba ta da ƙarfin kashe macijiya, ba ta ma da ruwan da za ta ba baƙonta. Abin da take da shi, masauki da guga, shi ta bayar, da shi kuma aka buɗe rijiyar. Mai gidan haya da ya yi wa ɗalibi haƙurin wata guda, da mai sayar da abinci da ta ƙara ludayi ba ta tallata ba, da maƙwabcin da ya buga ƙofa don ya kwana biyu bai ji motsi ba, da iyalin da suka gayyaci ɗan wata jiha cin abinci ranar hutu, dukansu aikin Ayana suke yi. Ba sai mun jira wani jarumi daga Abuja ba kafin mu yi wannan. Baƙonka ruwa ne, ka sha shi kafin ya wuce, in ji Hausawa, kuma ɗalibi baƙon shekara huɗu ne ko biyar, wanda zai ɗauki sunan garinmu ya tafi da shi duk inda aiki ya kai shi.

Kai kuma ɗalibi, akwai naka rabon. Ba wanda zai san ƙishirwarka in ka rufe baki, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shiru yakan faɗaɗa tsagar. Bayajida, da dukan jarumtakarsa, sai da ya buɗe baki ya roƙi ruwa a wurin tsohuwa, hakan kuwa bai rage masa daraja ba. Ka nemi ofishin, ka cika takardar, ka faɗa wa amininka ko malamin da ka yarda da shi. In kuma kai ne mai ƙoshi a ɗakinku, ka lura da wanda yake fita duk lokacin da aka ɗora tukunya.

Allah ya ba mu idon ganin baƙon da ke ƙofarmu, ya kuma kiyaye 'ya'yanmu a wuraren karatunsu. Amin.