Daga Dutsen Kura Zuwa Bakin Teku

Tun da layin dogo ya ratsa Minna a 1911, mutanen wannan yanki ba su daina gangarawa Ikko, wato Legas, ba. Yau ma matasan unguwar Dutsen Kura ta Minna, na ɓangaren Hausa da na Gwari, suna bin motocin doya ta Bida da Mokwa, su haye gadar Jebba, su wuce Ilori da Badun, su sauka a kasuwar Mile 12 ko wurin 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba. Wani ya je cin rani ya dawo, wani ya yi aure ya zauna. Kusan duk wanda ya dawo, idan ya gama labarin cunkoso da tsadar ɗaki, sai ya sassauta murya ya ce: "Wallahi na ga ruwan da ba shi da ƙarshe."

Jiki ne ke fara sanin an canza gari. A Minna, watan Maris da Afrilu zafi kan doshi digiri 40, dutse ya yi ta huci har bayan isha'i. A bakin teku ba a cika kaiwa haka ba, domin Allah ya halicci ruwa da jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa. Da rana ƙasa ta riga teku zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, mai sanyi ta taso daga ruwa ta maye gurbinta. Da dare kuma lamarin ya juya. Sai dai iskar jiƙaƙƙiya ce. Gumi ba ya bushewa, wanki ya kwana a igiya bai sha iska ba, gishirin da ke cikin iskar ya ci kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da sauri.

Abin da ya fi ɗaure kan ɗan tudu shi ne cikowa da janyewar ruwa. Mu a nan mun san kogi yana cika da damina, ya ƙafe da rani. Teku kuwa sau biyu take cikowa a yini da dare, sau biyu ta ja baya, ko ana ruwa ko ba a yi. Tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke jinkirta da kamar minti 50. Mai jan ta kuwa wata ne, daga nisan kilomita kusan 384,000. Idan wata ya tsaya, ko ya cika a daren sha huɗu, jan rana ya haɗu da nasa, cikowar ta fi ƙarfi. Ashe jinjirin watan da muke ɗaga kai muna nema daren azumi da sallah, shi ne masuncin Badagry yake lissafi da shi kafin ya tura kwalekwale. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɗora wa halitta ɗaya ayyuka biyu, ba ta taɓa saɓa ko ɗaya ba.

Ga kuma gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai kusan giram 35, ba ya shayuwa, ba ya raya shuka. Baƙo kan tsaya yana tambaya ko alwala ta halatta da shi, malamai kuwa sun daɗe da amsawa: mai tsarki ne mai tsarkakewa, kifinsa kuma halal ne ba sai an yanka ba.

A ganina babban abin al'ajabin yana nan gida, mun saba da shi ne kawai. Ruwan saman da ke sauka a kan duwatsun Minna daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa daga wannan tekun ya fito. Rana ta ɗaga tururinsa, gishirin ya zauna a ƙasa, iskar kudu maso yamma ta ɗauko gajimare ta ƙetare dazuzzuka ta sauke mana shi garai. Shi ke cika madatsar Tagwai, irinsa ne ke juya injinan Shiroro a kan kogin Kaduna, shi ke rayar da doyar da ake lodawa zuwa Ikko. Abin da ya rage ya bi rafuka ya faɗa Kwara, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya koma inda ya fito. Babu injiniyan da ya zana wannan, babu gwamnatin da ke biyan kuɗin dakonsa.

Mai shirin zuwa Ikko ya riƙe abu ɗaya: teku ba rafin unguwa ba ce. Tana da jan ruwa a ƙarƙashi wanda kan kwashe gwanin iyo, kuma ta cinye yashin Bar Beach na Legas har sai da aka jibga mata katangar duwatsu. In ka je kallo, tambayi masunta inda za ka tsaya, kada kuma ka saki hannun yaro.